Wudil: Garin Bakin Kogi, Mashigar Gabas

Duk motar da ta tashi daga Kano ta nufi Dutse ko Azare, Potiskum, Damaturu har Maiduguri, ba makawa sai ta taka gadar Wudil. Haka ma wadda za ta Birnin Kudu da Ningi da Bauchi. Tafiyar ba ta wuce kilomita 40 da 'yan kai ba daga birni: a bar Hotoro, a wuce Mariri da Gano, a iso Garin Dau, sai ga kogin shimfiɗe a ƙasa, kwale-kwale na kai da kawo, tifofi sun ja layi a gaɓa suna jiran yashi. Da an sauko daga gadar an shiga gari. 'Yan talla su yi wa mota caa da soyayyen kifi da rake da ruwan leda, direba ya yi ta danna hon yana neman hanya tsakanin babura da adaidaita sahu. Kafin minti goma matafiyi ya bar Wudil a baya. Iyakar abin da yawancin mutane suka sani game da garin ke nan, sai kuma kasuwar shanu ta ranar Juma'a.

Amma wurin da motar ta taka ɗin nan ba ƙaramin wuri ba ne a labarin ƙasar Kano. A daidai nan ƙasa take canja hali, kogin ma ya canja nasa, kuma kusan duk abin da Wudil ta zama, daga sarautarta zuwa kasuwarta, daga wannan mashigi ya samo tushe.

Inda dutse ya ƙare

Kogin da Kanawa ke kira Kogin Wudil, a taswira sunansa Kogin Haɗejiya. Ruwa biyu ne suka haɗu suka haife shi. Na farko Kogin Kano, wanda ya gangaro daga tsaunukan kudu ta wajen Riruwai, ya ratsa dajin Falgore, ya biyo ta Tiga. Na biyu Kogin Challawa, wanda ya fito daga yamma ta ƙasar Ƙaraye, ya ɗauko ruwan Watari a hanya, ya bi ta kudancin birnin Kano. Suna gamuwa ba da nisa da Tamburawa ba, daga nan su zama kogi ɗaya su miƙe gabas. Wudil ce babban gari na farko da haɗaɗɗen kogin yake tararwa.

Abin da ido ba ya gani yana ƙarƙashin ƙasa. A yamma da kudu da Wudil, mai haƙa rijiya ba ya yin nisa sai ya ci karo da tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo sama a duwatsun Rano. Ruwa ba ya ratsa shi, saboda haka ruwan saman da ya zuba a wannan yanki yakan gangara ne ya cika rafuka, rafukan su cika kogi. Daga wajen Wudil zuwa gabas da arewa maso gabas kuwa, dutsen ya nutse can ƙasa, rairayi da yumɓun da suka yi dubban shekaru suna taruwa a kwarin Tafkin Chadi suka binne shi. Duk ɗalibin da ya karanci labarin ƙasa a Jami'ar Bayero ya ji wannan iyaka a rubuce-rubucen Farfesa Emmanuel Olofin, wanda ya daɗe yana nazarin ƙasar Kano da kogunanta.

Ma'anar wannan iyaka ga kogin mai sauƙi ce. Kafin Wudil ƙaruwa yake yi, bayan Wudil raguwa yake yi. Da ya shiga ƙasar rairayi sai ya rage gudu, ya faɗaɗa, ya riƙa karkacewa, ƙasa tana tsotse wani sashe, rana tana ƙafe wani. Shi ya sa manyan madatsun ruwa duk suke sama da Wudil, inda akwai dutsen da zai riƙe ruwa, kuma shi ya sa masu awon ruwa suka daɗe da kafa ma'auninsu a Wudil. Abin da ya wuce ƙarƙashin gadar nan, kusan shi ne rabon duk al'ummar da ke ƙasa: Ajingi, Ringim, Auyo, Haɗejiya, da faffaɗan dausayin nan da ya kai har Nguru.

Ruwan ba zai taɓa ganin teku ba. Wanda ya tsira daga dausayin yakan gamu da Kogin Jama'are a kusa da Gashua, su zama Kogin Yobe, ya wuce Geidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar a wajen Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi. Shi kansa tafkin, da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Manomin da ke kunna injin ban ruwa a fadamar Wudil da masuncin da ke jefa birgi a Nguru, daga ruwa ɗaya suke ci, ko sun san juna ko ba su sani ba.

Ƙaramar hukumar kanta ba babba ba ce. Faɗinta murabba'in kilomita 362 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 185,189 a mazaɓu goma: Wudil, Sabon Gari, Utai, Darki, Indabo, Lajawa, Achika, Kausani, Dagumawa da Ɗanƙaza. Damina tana kankama a watan Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A tudu ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo. A fadama kuma labarin daban ne, kuma labarin bai daɗe da canjawa ba.

Kogin da, da kogin yanzu

Wanda aka haifa bayan 1974 bai san asalin Kogin Wudil ba. A da, kogin na damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watan Agusta, ya malale fadamu, sai da kwale-kwale ake haye shi. Da kaka ta wuce sai ya fara ja da baya, kafin bazara ya zama fili na farin rairayi da 'yan kududdufai nan da can. Fatake da jakunansu da ƙafa suke ratsawa, mata kuma su tona rairayin kamu ɗaya ko biyu su sami ruwan sha.

Madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, ita ta juya wannan tsari. Tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, kuma an yi ta ne domin shirin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da kuma ruwan shan birnin Kano. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a 1992 kuma aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Tun daga nan ruwan damina ake tarewa, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Kogin da yake bushewa ya koma mai gudu shekara zagaye.

Wudil ta ci moriyar wannan, kuma babu dalilin ɓoye hakan. Gaɓar da a da sai ɗan lambun da ake shayarwa da jigo, yanzu kore take shar tun daga sanyi har bazara: tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, rake, masara, alkama a lokacin hunturu, da shinkafa. Ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse na fadama, waɗanda hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa a shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya ƙara faɗaɗa su a shekarun 1990, sun sa matashin da da zai tafi cin rani kudu ya sami abin yi a gida. Masunta ma ba sa rataye kayansu da rani kamar da. Mai birgi yana jefawa, mai kalli yana shimfiɗa ragarsa da yamma ya zo ya duba da asuba, mai mamari yana ɗana ƙugiyoyinsa, ana fito da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa.

Sai dai abin da Wudil ta samu, wasu ne suka biya a ƙasa. Ambaliyar damina da ke cika dausayin Haɗejiya da Nguru, wadda kifi ke hayayyafa a cikinta, shinkafa ke tsirowa, shanu ke samun ciyawa bayan ta janye, ta ragu ƙwarai. Ruwan da ba ya ƙafewa kuma ya ba ciyawar kacala damar da ba ta taɓa samu ba. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wani gari ruwa ya yi masa yawa duk shekara, wani kuma ya daina zuwa masa sam.

Ita ma Wudil ba ta tsira daga ambaliya ba. Idan damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika, dole ruwa ya fito, kuma yakan tarar da mutane sun yi gonaki da gidaje a inda kakanninsu ba su taɓa kwana ba, domin shekarun kwanciyar kogin sun sa an saki jiki. Haka ta faru a Agustan 2001, lokacin da ruwa ya ci garuruwa da dama a Kano da Jigawa, haka kuma a 2022. A irin waɗannan shekaru, mutumin Wudil ko Warawa yakan kwana yana sauraron labarin abin da ke faruwa a Tiga fiye da yadda yake duban hadarin da ke samansa.

Ƙasar Makama

Tun kafin a san kwalta, hanyar da ta haɗa Kano da Katagum da Borno ta wannan yanki take bi. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya taso daga Borno ta Katagum, ta Garko ya biyo kafin ya shiga Kano a ranar 20 ga Janairun 1824, kuma kasuwar Garko ta burge shi. Ƙasa ce mai ruwa da ciyawa, don haka Fulani makiyaya suka daɗe da zama a cikinta tare da Hausawa manoma da masunta.

Daga cikin waɗannan Fulani akwai Joɓawa, waɗanda mazauninsu ke Utai, garin da har yau yake cikin ƙaramar hukumar Wudil. Lokacin da kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19, jagoransu Malam Bakatsine na cikin manyan malaman da suka ɗauki jihadin, tare da shugabannin Yolawa da Sulluɓawa da Dambazawa. Bayan faɗuwar Sarki Muhammadu Alwali a 1807 aka raba manyan sarautu tsakanin gidajen da suka yi yaƙin, sarautar Makama ta zama ta Joɓawa. Makaman Kano na cikin mutum huɗu masu zaɓen sarki, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Wannan ne ya ba Wudil wani nauyi a fadar Kano wanda girmanta kaɗai ba zai ba ta ba.

Ƙarni na 19 bai zo wa ƙetaren kogin da sauƙi ba. Mayaƙan Ningi sun yi shekaru suna kawo hari kudu maso gabashin Kano, suna kama mutane da dabbobi, har Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya riƙa fita da kansa ya yi sansani a wajen Takai. Da basasar Kano ta ɓarke a 1893 bayan naɗin Tukur sarki, nan ɗin dai Yusufawa, waɗanda suka ƙi yarda da naɗin, suka nufa: suka fice daga birni, suka haye kogi, suka tattara ƙarfinsu a Takai, daga can suka dawo suka ci Kano a 1894 a ƙarƙashin Aliyu Babba. Duk wanda ke neman ƙwace Kano daga gabas, ko kare ta, sai ya yi lissafi da wannan mashigi.

Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, sai suka umarci hakimai su bar zama a birni su koma ƙasashen da suke riƙe da su. Makama ya zauna a Wudil, garin ya zama hedikwatar gunduma, da kotun alƙali da ofishin haraji. A gyaran ƙananan hukumomi na 1976 Wudil na cikin ƙananan hukumomi 20 na tsohuwar Jihar Kano, kuma ta fi ta yau girma nesa ba kusa ba, domin daga jikinta aka yanke wasu daga baya. Har yanzu ita da Garko kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Tsohuwar alaƙar nan da fadar Kano ta sake fitowa fili a 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya, aka sa Wudil a ƙarƙashin Gaya. Sai ya zama mai zaɓen Sarkin Kano ƙasarsa tana wata masarauta, kuma Makama na cikin masu zaɓen sarkin da suka garzaya kotu. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, Wudil ta dawo ƙarƙashin Kano.

Juma'a a kara

Kasuwar Juma'a tun ranar Alhamis da yamma take fara motsi. Motoci na sauke shanu daga Yobe da Borno da Jigawa da Bauchi, wasu sun ƙetaro daga Nijar ko Chadi sun biyo ta wasu kasuwannin, makiyayan kusa kuma su koro nasu da ƙafa. Wudil ɗaya ce a jerin kasuwannin da 'yan tireda ke bi mako-mako: Potiskum ranar Laraba, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi. Saniyar da ba ta yi kuɗi a can ba sai a gwada ta a nan. Kafin hantsi kara ta cika maƙil da fararen bunaji, da jajayen rahaji masu dogayen ƙaho, da bokolo masu saɓa da laɓɓa, gefe guda kuma ga tumaki uda da balami da awaki, ga ƙura ta turnuƙe sama.

Mai saye ba ya zuwa wurin mai dabba kai tsaye. Dillali ne a tsakani, shi ya san mai saniyar, shi zai tsaya idan daga baya aka ce ta sata ce. Mai saye zai zagaya sa, ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya ya ji ko akwai kitse, ya sa a buɗe masa baki ya dubi haƙora don ya san shekaru, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Sa'an nan ya taya. Dillali ya ce albarka. Ya ƙara, a sake cewa albarka, ya juya kamar zai tafi, a kamo hannunsa, a ja shi gefe a yi ƙus-ƙus, a koma wurin mai dabba a lallashe shi. In an daidaita a ce an sallama, a biya la'ada, a shafa wa san fenti a gadon baya da alamar sabon mai shi. Babu sikeli a cinikin nan. Ido ne da hannu da gogewar shekaru, kuma wanda ya iya yakan faɗi naman da sa zai bayar bai yi kuskure mai yawa ba.

Ana tsayawa a yi sallar Juma'a, bayan an sauko kuma a shiga lodi. Tirela ta ja da baya ta jingina da tudun lodi, an riga an shimfiɗa mata yashi da ciyawa don kada kofato ya zame. Samari su kama ƙaho da wutsiya, wani da igiya a ƙafa, a tura sa ciki a ɗaure shi a jikin ƙarfe, a kawo na gaba. Wasu daga cikin samarin nan a saman motar za su yi tafiyar, a kan katako, har Legas ko Ibadan ko Onitsha ko Fatakwal, aikinsu su tayar da duk dabbar da ta faɗi kafin 'yan uwanta su tattake ta. Tafiya ce ta kwana biyu ko fiye, da shingaye da masu karɓar haraji a hanya, kuma kowane jinkiri ramar dabba ne, ramar dabba kuwa asarar kuɗi.

Kasuwar tana jin duk abin da ya taɓa ƙasa. Ta ji lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairun 2021 bayan rikicin kasuwar Shasa a Ibadan. Ta ji ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023, domin Bafulatanin da ya koro sa daga ruga kuɗi a hannu yake so, ba saƙon banki a waya ba. Ta kuma ji rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris na 2024.

Ba manyan 'yan tireda kaɗai ke cin abinci a nan ba. Akwai magidancin da zai sayi ramammen sa bayan girbi, ya turke shi a gida yana ba shi harawa da dusa da kowa, ya dawo da shi gab da Babbar Salla. Akwai matar auren da akuyarta ita ce bankinta, ta aiko yaro ya sayar ranar da bikin 'ya ya taso. Akwai mai igiya, mai ruwa, mai abinci, mai maganin dabbobi, da mai kwashe kashin shanu ya kai gona. Kasuwar da ke ciyar da wannan tarin jama'a, ta kuma cika aljihun hukuma kowane mako, ta cancanci magudanan ruwa da wuraren shayar da dabbobi da likitocin dabbobi isassu, ba wai a tuna da ita ranar karɓar haraji kawai ba.

Bayan shanu, an san Wudil da ginin tukwane daga yumɓun bakin kogi, da kuma aikin hannu na manyan riguna, wanda maɗinki kan shafe makonni yana yi da allura a zaure.

Makarantu ma sun daɗe a garin. Akwai tsohuwar kwalejin horon malamai, akwai makarantar koyon sana'a wadda Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a cikinta yana yaro, kuma a lokacin da yake gwamna ne aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Wudil a 2001. A 2022 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote. Makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta ƙasa, wadda aka fara a 1988 a wurare biyu na wucin gadi a Kaduna da Challawa, ta tare a mazauninta na dindindin a Wudil a 1996, ta zama mai ba da digiri a 2012, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci yaye rukunin farko na masu digirin a Disamban 2018. Ɗalibai daga kowace jiha sun kawo wa garin gidajen haya da shaguna da harsuna iri-iri, sun kuma tsadar da filaye. Aikin raba hanyar Kano zuwa Maiduguri gida biyu, wanda aka bayar tun 2006, ya ƙara jawo Wudil kusa da birni, har wasu ma'aikata suna kwana a birni suna aiki a Wudil.

Yashi

Birnin Kano yana girma, kuma kowane bulo da kowane dakali yashi yake ci. Mai yawa daga cikinsa daga kogunan Challawa da Wudil yake fitowa.

Aikin na ƙarfi ne tsantsa. Mutum biyu ko uku za su tura kwale-kwale da gora zuwa tsakiyar ruwa. Ɗaya ya sauka, ruwa iya ƙirji ko iya wuya, ya nutsa da bokiti ko kwanon ƙarfe, ya cika, ya taso ya miƙa, na sama ya juye. Haka za su yi ta yi har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa, sa'an nan su lallaɓo gaɓa a hankali, domin ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta kifar da su. A gaɓa su kwashe da shebur su tara, wasu kuma su watsa a tifa. Da sanyin hunturu ma haka ake yi, jiki na karkarwa, a fito a ji ɗumin wuta a koma. Wanda ya ga aikin nan da idonsa ba zai yi saurin zagin masu yinsa ba. Halali suke nema, kuma ba su ne ke kwashe riba mai tsoka ba.

Matsalar a lissafi take. A da, ambaliyar kowace damina takan sauko da sabon rairayi daga tsaunukan kudu ta mayar da abin da aka ɗiba. Yanzu yawancin wannan rairayi yana kwantawa ne a bayan Tiga da Challawa. Ɗibar ta ƙaru, zubin ya ragu, kamar rumbun da ake ta awo daga cikinsa alhali an daina kawo masa damin hatsi. Idan gindin kogi ya yi zurfi, gaɓa takan zabtare ta tafi da gonar da ke kanta. Ruwan da ke kwance cikin rairayin fadama, wanda ƙananan rijiyoyin manoma ke zuƙa, shi ma ya ƙara nisa. Ramukan da aka bari a ƙarƙashin ruwa su zama tarko ga yara masu wanka da shanu masu ƙetarewa. Haƙa kusa da ƙafafun gada kuwa haɗarinsa ya wuce na gari ɗaya, tunda gadar ce ke ɗauke da zirga-zirgar jihohi da dama.

Wannan ba ciwon Wudil kaɗai ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na cin yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a shekara. A kudancin Biyetnam, inda Kogin Mekong ke shiga teku, abubuwan nan biyu ne suka haɗu: madatsun da aka gina a Sin da Laos sun tare laka da rairayi, masu haƙar yashi kuma suna ta ɗiba don gina birane. Sakamakon shi ne gaɓa na rushewa da gidaje da tituna a lardunan yankin, ruwan gishiri kuma yana kutsowa gonakin shinkafa da rani. Mekong ya ninka Kogin Wudil sau da yawa, amma abin da ke cin gaɓarsa shi ke cin ta nan.

Akwai kuma abin da ruwan ke ɗaukowa daga birni. Masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman majemun fata na zamani, sun daɗe suna zubar da ruwan aikinsu a magudanan da ke ƙarewa a Kogin Challawa, kuma masu bincike a jami'o'in Kano sun sha samun sinadarai masu guba irin su kuromiyom a ruwan da lakarsa. Wannan ruwa ne ke gangarowa ya haɗu da na Tiga ya iso Wudil, a shayar da latas da tumatir da shi, a kama kifi a cikinsa, a tace shi a sha.

Tambayar da ya kamata mutanen Wudil su riƙa yi da babbar murya ita ce wa ke da alhakin kogin. Ƙofofin Tiga da Challawa suna hannun hukumar raya koguna ta tarayya. Yashi ma'adini ne a dokar ƙasa, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta bar ikon ba da lasisinsa a Abuja. Filayen gaɓa suna ƙarƙashin gwamnan jiha bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Dattin masana'antu kuma tsakanin hukumomin muhalli na jiha da na tarayya yake. A 2006 jihohi shida da kogin da rassansa suka ratsa, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, sun haɗu a Damaturu sun kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da shi, kuma an yi aikin yashe hanyoyin ruwa da sare kacala a ƙasa. Amma sarkin ruwa da masunta da manoman fadama da masu ɗibar yashi na Wudil, waɗanda su ne ke fara ganin ruwa ya canja launi ko gaɓa ta tsage, ba su da kujera a inda ake yanke shawarar ranar da za a saki ruwa, ko inda za a haƙa da inda za a bari. Ƙaramar hukuma, wadda ofishinta ya fi na kowa kusa da gaɓar, ba ta riƙe da makullin ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi.